Yadda zaka zaɓi mota da idonka a buɗe, ko da kai ɗan gani-kashenin Toyota ne

Kwanakin baya muna zaune a majalisa bayan la'asar sai wani ƙaninmu yazo da maganar wai ya ɗan tara kuɗi yana so ya sayi motarsa ta farko, wallahi kafin ya rufe baki mutum huɗu sun ce masa Corolla, wani ma cewa yayi "in dai ba Toyota bace gara ka bar kuɗinka a aljihu ka cigaba da hawa a-daidaita". Ba wanda ya tambaye shi nawa ne a hannunsa, ba wanda ya tambaye shi ina zai riƙa zuwa da ita, iyalinsa nawa, waye zai riƙa gyara masa. Suna kawai aka bashi. Abin ya tsaya min a rai sosai saboda na san yadda yaron nan ya sha wahala kafin ya haɗa kuɗin, kuma na san irin wannan shawarar ce take sa mutum ya ɗauki gumin shekara biyar ya zuba a kan gajiyayyar mota don kawai tambarin da ke gabanta.

Ni ba maƙiyin Toyota bane, ita nake hawa yanzu haka, kuma mutanen da suka riƙe ta suna da hujja. Abin da nake so in nuna maka shine yadda zaka gane ko son da kake yiwa wani kamfani yana maka aiki ko kuma kai ne kake masa bauta.

Fara da tambayar kanka: daga ina wannan son ya samo asali?

Zauna kai kaɗai ka amsa tsakaninka da Allah. Ka taɓa mallakar irin motar ka riƙe ta shekara uku ko huɗu ka ga yadda take? Ko dai a gidanku ka taso ka ganta, ko bakanikenka ne yake yawan yabonta, ko a Facebook da TikTok ka ji ana zuzuta ta? Waɗannan duk ba ɗaya bane. Wanda ya riƙe mota ya biya kuɗin gyaranta da aljihunsa yana da ilimi, wanda kuma ya ji a bakin mutane labari yake da shi, kuma gani ya kori ji.

Duk wanda ya kai shekara arba'in a Arewa ya san akwai lokacin da in ka ce mota toh Pijo kake nufi. Kamfanin PAN mai haɗa Pijo da ke Kakuri a Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, kuma 504 ta zama motar gwamnati, motar 'yan kasuwa, motar tasha, motar kai amarya, motar komai. Babanmu yana da ita, fara, kuma har ya rasu bai yarda akwai motar da ta kama ƙafarta ba, in ka kawo masa zancen motar Japan sai yace "wannan gwangwanin?". Kuma a zamaninsa gaskiya ya faɗa, domin a lokacin duk ƙauyen da motar ta tsaya maka zaka samu yaron da zai buɗe bonet ya gane ta, kayan gyaranta kuma kamar ƙasa, ga ƙafa mai laushi da ta dace da hanyoyinmu. Toh me ya faru? Daga 1986 da gwamnati ta shigo da tsarin gyaran tattalin arziki na SAP darajar naira ta fara zubewa, sabuwar mota dal ta fi ƙarfin ma'aikaci, sai 'yan Beljiyam da 'yan Kwatano suka cika ƙasa, yawancinsu kuma na Japan ne da Jamus. A hankali yaran gareji suka koyi injin Toyota da Honda, 'yan kasuwar kayan gyara suka bi inda ciniki yake, sai amanar mutane ta bi su. Kaga kenan abin da jama'a suke riƙe da shi tun farko shine kwanciyar hankalin cewa in ta lalace za'a gyara yau-yau da kuɗi kaɗan, zakin da ke gaban motar alama ce kawai ta wannan kwanciyar hankalin.

Haka ma aka yi a babur a gaban idonmu, daga Suzuki da Yamaha da Honda aka koma Jincheng, daga nan Boxer ta Bajaj tazo ta kwashe 'yan acaɓa gaba ɗaya. Ba wanda yayi rantsuwa zai mutu a kan suna.

Saboda haka in ka binciki zuciyarka ka ga dalilinka shine samun kayan gyara da makaniki da saurin sayarwa, toh dalili ne mai ƙarfi, riƙe shi, amma ka gwada shi kamar yadda zan faɗa a ƙasa. In kuma ka ga dalilin bai wuce "haka kowa yake cewa" ba, toh ka ɗan sassauta.

Koyi duba abin da ke ƙarƙashin tambarin

Nan ne nafi so a tsaya a fahimta, domin nan ne kuɗi suke zubewa a banza. Kamfanonin mota suna haɗa kai suna yin mota ɗaya su saka mata sunaye biyu ko uku, mu kuma a nan muna ta musu a kan sunan.

Ɗauki Pontiac Vibe, wacce ta cika titunan Kano da Kaduna da Katsina. Pontiac sunan kamfanin General Motors ne na Amurka, kuma tun 2010 aka rufe sunan ma gaba ɗaya, amma Vibe 'yar uwar Toyota Matrix ce ciki ɗaya. An haɗa ta a wata masana'anta ta haɗin gwiwar GM da Toyota a garin Fremont na jihar Kalifoniya, kuma yawancin na 2003 zuwa 2008 injin 1ZZ mai lita 1.8 ne a cikinsu, wato injin da ke cikin Corolla ta wancan lokacin. Mutanen da suka fara gane haka sun sayi Toyota a farashin da ba na Toyota ba, har sai da kowa ya waye farashinta ya tashi. Haka Volkswagen Sharan ɗin da ake lodi da ita a tasha, ta farkon, ita da Ford Galaxy da Seat Alhambra a masana'anta ɗaya aka yi su a ƙasar Fotugal. Haka Lexus, ai Toyota ce ta ƙirƙiro sunan a 1989 don masu kuɗi, kuma injin 2GR mai lita 3.5 da ke cikin ES 350 shine dai a cikin Camry mai silinda shida da Avalon da Sienna da Highlander na shekarun nan. Ba wai ina cewa babu bambanci bane, Lexus tafi laushi da shiru da kayan ciki masu kyau, amma ka san me kake biya: kujera da ado da suna kake ƙarawa kuɗi, zuciyar motar ɗaya ce.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, kamfani ɗaya yana iya yin mota mai kyau bana ya yi mai matsala baɗi. Camry ɗin da muke cewa Muscle, ta 2007 zuwa 2009 mai injin 2AZ lita 2.4, an santa da shan baƙin mai, kuma ba zancen majalisa bane, Toyota da kanta ta amsa matsalar zoben fistin ɗin a Amurka ta tsawaita garanti a kansa. Daga 2010 aka canza mata inji zuwa 2AR mai lita 2.5. Jiki kusan iri ɗaya, suna ɗaya, amma wanda ya sani ba zai biya kuɗi ɗaya a kansu ba. Honda Accord irin waɗanda muke yiwa laƙabi da End of Discussion da Discussion Continues suna da daɗin tuƙi da ƙarfi, amma kowa ya san sai ka sa ido a kan bol-join ɗin ƙafar gaba, in aka saka na jabu ko aka bari ya gaji taya tana iya kwanciya a tsakiyar titi. Nissan irin su Altima da Murano masu giyar CVT, wato wani nau'in giyar otomatik, suna buƙatar man giyarsu na musamman kuma giyar bata son zafi da wulaƙanci. Hyundai Sonata ta 2011 da 2012 kamfanin da kansa ya yi kira a dawo da su gyara a Amurka saboda matsalar inji. Matsalar jakar iskar kamfanin Takata kuwa, wato jakar da take kumbura ta kare mutum in an yi hatsari, bata bar kowa ba, Honda da Toyota da Nissan da BMW da Ford duk ta shafe su, har kamfanin ya durƙushe a 2017.

Me wannan yake nuna maka? Daina tambayar "wane kamfani ne yafi". Tambayi wace mota, ta wace shekara, wane inji, wace giya. Rubuta su a takarda ko a waya kafin ka taka ƙafarka wajen dillalai. In kace "Camry nake so" baka faɗi komai ba tukuna.

Kuma ka koyi karanta lambar shasi, ba wuya. Haruffa da lambobi 17 ne, zaka gansu ta ƙasan gilashin gaba ɓangaren direba da kuma jikin ƙofa. Na farko yana nuna ƙasar da aka haɗa ta: J Japan, 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, W Jamus, K Koriya, L Sin. A motocin da aka yi don kasuwar Amurka na goma yana nuna shekara, 7 shine 2007, 8 shine 2008, 9 shine 2009, A shine 2010, B shine 2011, haka dai. Wannan zai cece ka daga masu canzawa mota fuska, a ɗauki ta 2008 a saka mata fitilu da bamba na 2012 a ce maka sabon yayi ce, kai kuma son sunan ya rufe maka ido baka duba ba.

Je kasuwar kayan gyara kafin ka je wajen masu sayar da mota

Yawancin mutane a baibai suke yi, sai sun saya sannan su fara neman kaya. Ware yini guda. In kana Kano shiga Ƙofar Ruwa, in Kaduna ne Panteka, in Abuja ne Apo, in kana Legas Ladipo, in kuma garinku ƙarami ne toh je layin masu kayan mota na garin naku domin nan ne zaka riƙa zuwa, ba Ladipo ba. Tafi da sunayen motoci uku, ɗaya wacce zuciyarka take so, biyu kuma daga wasu kamfanonin daban waɗanda suke daidai da kuɗinka. A kowacce tambayi farashin abubuwan nan: inji na Beljiyam, giyabos, shokozoba na gaba, takalmin birki, lagireto, famfon mai, kwamfuresan AC, fitilar gaba guda ɗaya, madubin gefe, da gilashin gaba. Kar ka tsaya a farashi kawai, ce masa "Alhaji akwai a ƙasa yanzu ko sai an aiko daga Legas?" domin kayan da sai an jira sati biyu, ga mai mota ɗaya tal, yafi tsada ko da kuɗinsa kaɗan ne.

In ka dawo gida ka jera su gefe da gefe zaka sha mamaki. Wani lokacin zaka ga lallai Toyota ɗin ta cinye, kayanta ko ina akwai, sabo da na Beljiyam da na China, kowa da ƙarfinsa. Wani lokacin kuma zaka ga bambancin bai kai yadda ake ta faɗa ba, musamman tsakaninta da Honda ko motocin Koriya da yanzu kayansu suka yawaita. Kuma akwai abin da ba'a cika faɗa ba, motar da tafi yawa a gari ita ce kayanta na jabu suka fi yawa, kuma ita ce ɓarayi suka fi so saboda in an farfasa ta kayan basa kwana. Wannan ma a saka shi a lissafi, a tanadi kuɗin tiraka da makullin sitiyari.

Maganar makaniki

Bakanikenka mutum ne mai daraja kuma shawararsa tana da amfani, amma ka tuna shima ɗan Adam ne, motar da ya iya ita zai yaba, wacce bai iya ba zai ce maka "Oga wannan ba ta da kyau, matsala ce da ita". Sau da yawa matsalar ba a motar take ba. Pijo 406 misali, har gobe akwai masu sonta a Arewa kamar me, kuma in ka bincika zaka ga duk wanda yake jin daɗinta yana da makaniki ɗaya na Pijo zalla wanda ba ya barin kowa ya taɓa ta sai shi. Wanda kuma ya kai ta garejin da aka saba da motar Japan, aka cire mata tamostat aka haɗa fanka kai tsaye aka zuba mata ruwan rijiya a lagireto, shine zai fito yana cewa motar Faransa ba ta da amana. Haka Marsandi, haka BMW, haka Golf.

Toh ga yadda zaka yi. Tambayi makaniki biyu ko uku waɗanda ba su san juna ba, kuma a cikinsu a samu wanda ya ƙware a irin motar da kake tsoro. Kar ka ce masa "motar nan tana da kyau?", ce masa "Malam, me yafi kawo irin wannan motar garejinka, kuma nawa ake kashewa in ta zo?". Wannan tambayar tana fito da gaskiya. Sannan ka duba ko yana da na'urar sikanin, domin motocin yanzu kwamfuta ce a cikinsu, mai gyara da kunne da ƙiyasi kaɗai zai sa ka sayi kaya uku kafin a dace da wanda ya lalace. In a duk garinku babu wanda ya iya motar, toh haƙura da ita ko da kana mafarkinta, wannan kam ba wasa.

Wata hanya mai sauƙi kuma: je tasha ka zauna da direbobin haya. Mutumin da yake Kano zuwa Abuja ko Sakkwato zuwa Gusau kullum da mota, abin da zai faɗa maka a kan ƙafa da inji da shan mai yafi na mai motar da sai Juma'a yake fito da ita.

Yi lissafin mai da biro, ba da baki ba

Kafin 29 ga Mayu 2023 litar fetur bata kai naira 200 ba, da aka cire tallafi ta ninka fiye da sau biyu nan take, a 2024 har ta haura naira 1,000. Wannan kaɗai ya isa ya sa kowa ya sake duba son da yake yiwa manyan injina. Akwai mutanen da suka saba da silinda shida tun zamanin mai yana arha, yanzu motar tana ajiye a gida an lulluɓe ta da tamfol su kuma suna hawa babur.

Lissafin ba wuya. A ce kana tafiyar kilomita 40 a rana, a wata kilomita 1,200 kenan. Motar da take yin kilomita 12 da lita ɗaya zata sha lita 100, wacce take yin kilomita 8 zata sha lita 150. Bambancin lita 50 ne duk wata, lita 600 a shekara, ka ninka da farashin gidan man unguwarku ka gani da idonka. Kuma kar ka yarda da "ai bata shan mai" daga bakin mai sayarwa, tambayi wanda yake hawa irinta nawa yake zubawa a sati kuma ina da ina yake zuwa. In kana tunanin mayar da ita mai amfani da gas na CNG nan gaba, fara duba ko akwai wajen shan gas ɗin kusa da kai da kuma ko but ɗin motar zai ɗauki tukunyar.

Hujjar "in na tashi sayarwa ba zata kwana ba"

Wannan ita ce babbar hujjar 'yan Toyota kuma gaskiya ce, Corolla ko Camry ko Hilux mai lafiya kamar kuɗi ne a hannu, in larura ta taso yau, asibiti ko kuɗin makaranta, dillali zai kawo maka mai saye kafin magariba. Ga ɗan kasuwa ko wanda motarsa ita ce ajiyarsa wannan ba ƙaramin abu bane, kuma ni ba zan ce masa ya bari ba.

Amma a duba ta ɗaya gefen. Wannan darajar da zaka samu ranar sayarwa, ai ka riga ka biya ta ranar saye. Kuɗin da zai baka Corolla mai shekara kusan ashirin wacce ta zaga hannu uku, sau da yawa zai baka motar wani kamfanin da ta fi ta ƙuruciya da shekaru, mai ƙarancin tafiya, mai jakar iska da birki na zamani. Saboda haka tambayi kanka shekara nawa kake niyyar riƙe ta. In kai mai canzawa ne duk shekara ɗaya ko biyu, bi wacce kasuwa take so. In kuma irin mutanen nan ne da suke riƙe mota shekara bakwai ko goma har ta zama 'yar gida, toh lafiyar motar a yau tafi maka muhimmanci a kan abin da dillali zai ce a ranar da ba ka san zuwanta ba.

Ni kaina na taɓa faɗawa wannan ramin kuma har yau ina jin zafinsa. Akwai kamfanin da nake so tun ina saurayi, da kuɗi suka zo aka nuna min motoci biyu, ɗaya ta kamfanin da nake so amma ta sha jiki, ɗayar ta wani kamfani ce tsaf-tsaf da ita. Kawuna da ya raka ni ya ja ni gefe yace "ɗana, wannan an taɓa buɗe injinta, dubi gam ɗin da ke bakin murfin". Na gani da idona amma na ce ai irin wannan motar ba ta mutuwa. Wata huɗu inji ya buga a hanya da iyalina a ciki, da rana tsaka, yara suna kuka, kuma kuɗin da na kashe a inji da giya a shekarar farko ya kusa rabin kuɗin motar. Laifin ba na masu ƙera ta bane, motar ta yi iya yinta a hannun mutanen da suka gabace ni, so ne ya hana ni ganin laifi.

Ranar da zaka je dubawa

Duk sunan da ka tsayar, motar da ke gabanka ita zaka aura, ba kamfanin ba. Je da safe ka tarar da injin a sanyaye, in ka zo ka tarar an riga an tayar an ɗumama toh ka tambayi dalili. Tafi da makanikinka da mai sikanin da kuma mai gyaran jiki in da hali, ka biya su kuɗin yininsu da kanka don kar su jira la'ada daga mai sayarwa. A kunna makulli a ga duk fitilun dashbod sun kama sannan sun mutu bayan an tayar, musamman ta inji da ta jakar iska da ta birkin ABS, domin akwai masu cire ƙwan ko su liƙe shi. A duba salansa ko tana hayaƙi mai shuɗi, a buɗe murfin baƙin mai a ga ko akwai kumfa kamar madara, a ɗaga kafet a shinshina a duba tsatsa a ƙarƙashin kujeru saboda motocin da ambaliya ta cinye a Amurka ana sayo su a gwanjon Copart da IAA a wanke a kawo mana. Saka lambar shasin a intanet, sau da yawa hotunan motar na ranar gwanjo suna fitowa ka ga yadda take kafin a gyara, in kuma da hali a ciro rahoton Carfax mai nuna tarihin motar. Lambar tafiyar da ke dashbod kar ka ɗauke ta kamar aya, ana mayar da ita baya, dubi yadda sitiyari da feda da kujerar direba suka cinye su zasu faɗa maka gaskiya, kuma ka tuna motar Amurka da mil take ƙirga, mil ɗaya kilomita 1.6 ne.

Sannan a hau ta a yi tafiya mai ɗan nisa, da AC a kunne, a shiga go-sulo a fita babban titi a hau hanya mai gargada, a ji yadda giya take shiga bayan ta yi zafi. Zagaye ɗaya a layi ba gwaji bane. Kuma dan Allah ko da ka riga ka yanke hukunci, hau ɗaya daga cikin waɗancan biyun na wasu kamfanonin ko da na minti ashirin ne, domin mutane da yawa suna zagin motar da basu taɓa zama a cikinta ba.

Takardu kuma ba ruwansu da suna. A farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka duk motar da aka ce maka 'yar Kwatano ce sai ka ninka bincike a kan takardun kwastan, ka je ofishinsu a tabbatar maka lambar shasin da ke takarda ita ce a jikin mota kuma an biya abin da ya kamata. In ta hannu ce a Najeriya, a ga mai ita ido da ido, a rubuta yarjejeniya da shaidu, a yi canjin suna.

Su kuma sabbin shigowa fa?

Yanzu motocin Sin sun fara yawa, GAC da Changan da Geely da Chery da Jetour, ga Innoson da ake haɗawa a Nnewi, ga Pijo ta dawo Kaduna ta hannun kamfanin Dangote. Ra'ayina a kansu shine kar a raina su kuma kar a yi gaggawa. Yadda babanmu ya kira motar Japan gwangwani haka wasunmu suke kiran waɗannan yau, kuma mun ga yadda waccan maganar ta ƙare. Amma gwajin dai ɗaya ne: akwai wakilinsu da garejinsu a garinku ko kusa? Garantin a rubuce yake, kuma me ya ƙunsa? In aka fasa maka fitila ko bamba kwana nawa kafin a samu? Ka samu mutum biyu da suka riƙe ta shekara biyu ka ji daga bakinsu? In amsoshin sun gamsar kuma sabuwa ce dal da garanti, ni ban ga dalilin da zai sa ka ƙi ta ka ɗauki wacce ta girmi ɗanka na fari ba. In kuma ta hannu ce, babu garanti, babu kaya a kasuwa, kuma ita kaɗai ce motarka, toh bari masu mota uku su fara gwadawa.

Shi ƙanin namu da na fara da labarinsa, ranar Asabar na ɗauke shi a mota muka shiga Ƙofar Ruwa da takarda mai sunaye uku, Corolla da Vibe da Hyundai Elantra, muka yini muna tambayar farashi shago-shago yana rubutawa. Da muka fito ya soke ɗaya da kansa saboda fitilarta da giyarta sai an aiko daga Legas, sauran biyun kuma ya ce duk wacce aka fara samu mai lafiyayyen inji da cikakkun takardu ita zai ɗauka. Mun riga mun duba guda huɗu mun bari, akwai wata da za'a kawo mana ranar Talata da sassafe, na ce wa dillalin kar kowa ya tayar da ita sai mun iso.